Haruffan da Hannu Ya Cinye: Tarihin Karanta Kuɗin Rumawa

Babu tsabar kuɗin Rumawa ko guda da inji ya buga. Tun daga lokacin da suka fara buga dinarinsu na azurfa, wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya, ana tsakiyar yaƙi da Hanibal, har daular yamma ta faɗi a 476, aikin na hannu ne. Gwanin sassaƙa zai zauna ya ƙwaƙule hoto da haruffa a kan hatimin ƙarfe, a juye, domin su fito daidai idan an buga. Hatimin da ke ɗauke da kai sai a kafa shi a uwar maƙera, a ɗora ɗan faifan azurfa ko tagulla, a riƙe hatimi na biyu a bisansa, wani ya sauke guduma. Na saman shi ke shan duka, don haka shi ke saurin tsagewa, a jefar a sassaƙa wani. Kafin a gama bugu ɗaya an ci hatimai masu yawa, kuma ba biyu da suka yi daidai: wannan ya matse haruffa, wancan ya raba kalma gida biyu don kan sarki ya samu wuri, wani ya manta harafi ɗungurungum. Daga nan bambance-bambancen da masana ke bi a yau suka samo asali.

Tsabar kuma tun daga maƙera take fara asarar rubutunta. Idan faifan ya goce, rabin rubutun gefe ba zai hau ba. Idan hatimin ya tsufa, haruffa su fito a dushe. Sannan ta shiga kasuwa, daga hannu zuwa hannu, daga jaka zuwa tukunya. Abin da hannu ya rage, ƙasa da tsatsa su ƙarasa.

Wanda yake son ganin iyakar abin da hannun mutane ke yi wa azurfa, ya dubi dinaran Markus Antoniyus. A shekarun 32 da 31 kafin Miladiyya ya buga su jingim don biyan sojojinsa kafin yaƙin Aktiyum: jirgin yaƙi a fuska, a baya kuma mikiya tsakanin tutoci biyu, da kalmar LEG da lambar rundunar. Azurfarsu ba ta kai ta sauran dinarai tsarki ba, kuma wannan aibin shi ya tsawaita musu rai. Mai kuɗi ya ɓoye na kirki, hukuma ta narke na kirki, su kuwa kowa sauri yake ya miƙa wa na gaba. A Shapwick ta Ingila an tono dinarai sama da 9,000 a 1998, mafi sabunta a cikinsu na wajen shekara ta 224 Miladiyya, amma ga na Antoniyus fiye da ɗari biyu a ciki, bayan shekara ɗari biyu da hamsin suna yawo. Irinsu sukan suɗe sumul, sai inuwar jirgi. Mai karatu ya ga V da sanda ɗaya, sai ya tambayi kansa: VI ce, ko VII ce ko VIII da sauran sandunan suka goge? Ga shi masassaƙan kansu ba su tsaya kan ƙa'ida ɗaya ba, wani ya rubuta IV wani IIII, wani IX wani VIIII. Dole sai an auna filin da ya rage a gefen lambar, a ga ko akwai wurin da wata sanda ta taɓa zama.

Yuliyas Kaisar ne ya fara sa fuskarsa a kuɗin birnin Rum yana raye, a farkon shekara ta 44 kafin Miladiyya, 'yan makonni kafin a kashe shi. Amma Agustus ne ya kafa tsarin da ya zauna: kan sarki a fuska, laƙabobinsa a gutsure kewaye da shi. IMP kirarin da sojoji ke yi wa jagoran da ya ci yaƙi. AVG sunan sarautar kanta, da yake V suke rubutawa a wurin U. P M shugaban malaman addininsu. TR P ikon wakilin talakawa, wanda ake sabuntawa duk shekara. COS muƙamin konsul, tare da lambar sau nawa ya riƙe. P P uban ƙasa. Waɗannan gutsattsarin kusan a jere ɗaya suke zuwa, kuma wannan jerin shi ne mabuɗin sana'ar baki ɗaya. Kamar malamin da aka miƙa wa tsohuwar takarda da gara ta ci ne: saboda ya haddace matanin, kalma biyu da suka tsira sun ishe shi ya san layin da ya ɓace. Haka mai karanta kuɗin Rum yake. Abin da ya haddace ya fi abin da idonsa ke gani yi masa aiki, kuma nan ne ƙarfinsa, nan ne haɗarinsa.

Ɗauki dinarin Tarajan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117. A ce duk rubutun fuska ya tafi sai GER DAC daga sama, da COS V can wajen ƙarshe. Laƙabin DAC bai same shi ba sai a 102, bayan yaƙinsa na farko da mutanen Dasiya, ƙasar Romaniya ta yau. Konsul karo na biyar ya hau a 103, karo na shida a 112. Ke nan tsabar ta faɗa tsakanin 103 da 111. Da a ce OPTIMO ya bayyana cikin sunansa a fuska, to daga 114 ne. Da PARTHICO ne, sai 116 ko 117. Sai dai a lura, tsakanin COS V da COS VI sanda ɗaya ce tak, kuma ita ce ke zaune a wurin da yatsa ya fi shafa.

Domishiyan ya fi kowa sauƙaƙa wa masu tarihi, ya kuma fi kowa wahalar da masu ido. Hoton bayan dinaransa kusan kullum gunkiyarsu Minarba ce, a tsayuwa iri huɗu, ana ta maimaitawa shekara da shekaru. Lambobi kaɗai ke sauyawa, kuma lissafi uku ne ke tafiya lokaci guda: TR P yana juyawa a watan Satumba, COS a watan Janairu, IMP kuwa duk sanda aka kawo labarin nasara daga fagen fama. Tsakanin 88 da 89 lambar IMP ta tashi daga XIV ta kai XXI. Idan lambobin uku sun tsira, ana iya sanya tsabar cikin 'yan watanni. Idan sanda ɗaya ta goge, an tsallaka zuwa wani bugun daban.

Sai matsalar suna. Rumawa na gadon suna kamar yadda ake gadon gida. ANTONINVS PIVS na iya zama dattijon da ya yi mulki daga 138 zuwa 161, na iya zama Karakala, na iya zama Elagabalus, don dukansu sun ɗauki sunan. Dattijon ba ya ɓuya, gemunsa da doguwar fuskarsa sun isa. Rikicin yana tsakanin Karakala yana yaro da Elagabalus, samari biyu marasa gemu, masu kumatu. Kama da wane ba wane ba ne. Elagabalus bai kai shekara huɗu a kan mulki ba, daga 218 zuwa 222, don haka TR P ɗinsa bai wuce V ba. Duk lambar da ta haura haka ta Karakala ce. BRIT ko GERM a ƙarshen suna na Karakala ne. Tauraro a filin baya, da sarki sanye da rigar bautar Siriya a gaban wurin yanka, da wani ɗan abu mai kama da ƙaho a goshi, waɗannan na Elagabalus ne.

Ƙarni na uku ya zo da rikici. Karakala ya fito da sabuwar tsaba a 215, mai kambi mai tsinkaye kamar hasken rana, wadda nauyinta bai wuce na dinari ɗaya da rabi ba. Kafin shekara ta 270 azurfar da ke cikinta ta koma ƙasa da kashi biyar cikin ɗari, sauran duk tagulla, da ɗan wankin fari a sama wanda ke gogewa nan da nan. Sarakuna na hawa suna sauka, wasu watanni kawai. Ana bugu cikin gaggawa da hatiman da suka gaji, a larduna kuma mutane na ƙera nasu kwaikwayon, da haruffan da wanda bai iya karatu ba ya zana. Wannan zamani shi ya fi barin tsaba a ƙasa, shi ya fi barin wadda ba ta karantuwa.

Da Diyokilishiyan ya gyara kuɗi wajen 294, gidajen bugu suka bazu daga Landan har Iskandariya, kowanne yana sa alamarsa a ƙarƙashin layin da ke ƙasan hoton baya. TR na Trier, SIS na Siskiya, ANT na Antakiya, ALE na Iskandariya, PLN na Landan. Kusa da alamar akwai harafin ɗakin aikin da ya buga: a yamma galibi P, S, T, Q na Latin, wato na ɗaya zuwa na huɗu, a gabas kuma haruffan Girka. Wurin nan ɗan mitsitsi ne, a bakin gefe, shi ke fara ɓacewa. Akwai kuma tarko. A 328 aka sauya wa garin Arles na kudancin Faransa suna zuwa Konstantina, alamarsa ta koma CONST, ga kuma Ƙusɗanɗiniyya tana buga CONS. Abin da ke raba su shi ne wurin zaman harafin ɗaki: PCONST, da harafin Latin a gaba, na Arles ne, CONSA, da harafin Girka a baya, na Ƙusɗanɗiniyya. Harafi guda ke ɗauke tsaba daga bakin kogin Rhône ya kai ta gaɓar Bosforus.

Gidan Kwanstantin kuwa jarrabawa ce ta musamman. A lokacin an daina zana kamannin sarki na gaskiya, kowa fuska ɗaya, manyan idanu da ɗaurin kai. Uba CONSTANTINVS, babba cikin 'ya'yan da suka gaje shi, shi ma haka amma da IVN, wato ƙarami, na biyu CONSTANTIVS, na uku CONSTANS. Tsakanin na farkon da na biyu harafin N ne kawai. A ƙaramar tagulla da ba ta fi farcen babban yatsa ba, wadda ta kwana shekara dubu da ɗari shida a laka, ba ganin N ɗin ake yi ba, ƙirga gurabun haruffa ake yi. Baya ma na taimakawa. GLORIA EXERCITVS, sojoji biyu da tutoci biyu a tsakaninsu, na 330 zuwa 335 ne. Da aka rage nauyin tsabar sai tuta ta koma ɗaya. Daga 348 aka shiga FEL TEMP REPARATIO, mai alkawarin dawowar zamanin jin daɗi, inda sojan Rum ke sukar mahayin da dokinsa ya faɗi. A wannan hoto kaɗai bambancin ba ya ƙirguwa da sauƙi: a nan mahayin ya waiwayo ya ɗaga hannu, can ya rungume wuyan doki, a wani yana da hula mai tsini, a wani gemu da kitso. Kowane gidan bugu da nasa salon, har gwani kan gane Antakiya daga surar mahayin ko da alamar ƙasa ta tafi. Idan kan da ke fuska ba ɗauri ba kambi, to ba babban sarki ba ne, yarima ne, Galus ko Juliyan.

Wannan ƙwaƙƙwafi ba wasan masu tara kaya ba ne, da shi ake sanya wa wurare shekaru. A kusa da Misrata ta Libiya an tono tagulla kusan 108,000 a 1981, kuma daga alamomin gidajen bugu ake ganin ta inda kuɗi ke shigowa arewacin Afirka. A Abalessa, kusa da Tamanrasset, cikin kabarin da Abzinawa ke danganta wa Tin Hinan, wanda aka buɗe a 1925, an sami ɗan fallen zinariya mai ɗauke da tambarin tsabar Kwanstantin. Tambarin nan ya nuna ba a rufe kabarin kafin ƙarni na huɗu ba.

Su kansu masu karatun suna da nasu tarihin, kuma ba duka ne abin alfahari ba. Mawaƙin Italiya Petrarch yana tara kuɗin Rum, har ya ba Sarki Charles na Huɗu wasu kyauta a Mantuwa a 1354. A ƙarni na goma sha shida abin ya zama yayi a fadojin Turai, kowa na son jerin sarakuna cikakke, inda kuwa ake da mai saye ba a rasa mai ƙerawa. Oto ya yi wata uku kacal yana mulki a shekara ta 69, gidan bugun Rum bai fitar masa da tagulla ba, amma sai ga manyan tagullansa suna fitowa daga maƙerun Paduwa, garin maƙerin nan Giovanni Cavino. Hubert Goltzius ya wallafa littattafai masu kyawun zane, ya cusa tsabobin da ba wanda ya taɓa gani. Wasu kuma suka ƙware wajen ɗaukar tsabar sarki gama-gari su sake sassaƙa haruffanta ta koma ta sarkin da ba a samu.

Amma labarin da ya fi taɓa ni ba na mayaudari ba ne, na mai gaskiya ne. Karawsiyus kwamandan jiragen ruwa ne da ya ɓalle a 286 ya naɗa kansa sarki a Birtaniya, har ma'ajinsa Alektus ya kashe shi a 293. A ƙarni na goma sha takwas aka sami wata azurfarsa a Silchester, da kan mace a baya, rubutun yana karantuwa ORIVNA AVG. William Stukeley, likita kuma malamin coci, mutumin da ya yi wa duwatsun Stonehenge awo na ƙwarai, yana matuƙar ƙaunar Karawsiyus, yana ganinsa gwarzon ƙasarsa. A 1752 ya wallafa cewa an gano matar sarkin, sarauniya Oriyuna. Aka yi ta muhawara, wani masanin yana cewa ba mata ba ce, gunkiya ce mai tsaronsa. Alhali kalmar FORTVNA ce, gunkiyar sa'a, wadda ke kan dubban kuɗin Rum. F ta ɓace, kan T ya lalace ta zama kamar I. Stukeley ya san Latin sarai, ya ga FORTVNA ba iyaka. Zuciyarsa ce ta riga idonsa zuwa wurin.

Wanda ya kawo tsari shi ne Joseph Eckhel, mai kula da taskar kuɗin fadar Vienna tun zamanin Mariya Tereza, sarauniyar nan da sulallanta na azurfa suka yi yawo har kasuwannin Kano da Kukawa. A littafinsa mai juzu'i takwas, daga 1792 zuwa 1798, ya ƙi karɓar duk tsabar da ba ta da shaida sai zanen Goltzius. Henry Cohen ya biyo baya daga 1859, ya jera kuɗin kowane sarki bisa haruffan rubutun baya, har da farashi, abin da ya yi wa 'yan kasuwa daɗi. A 1923 Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara Roman Imperial Coinage (RIC), wanda ke bin gidan bugu da shekara, ba a kai juzu'i na goma ba sai 1994. A ganina, ɗan littafin da Guido Bruck ya fitar a 1961 ya cancanci yabo daidai da waɗannan manya, domin shi ya tuna da tsabar da ta lalace. Ya jera tagullan ƙarshen daula bisa hoto, da zanen hannu, ta yadda wanda ba ya ganin harafi ko ɗaya zai fara daga inuwar da ta rage.

Sai dai shakka ma tana wuce gona da iri. A 1900 aka tono tukunyar kuɗi a Les Cléons kusa da Nantes ta Faransa, a ciki akwai wata tagulla mai rubutu IMP C DOMITIANVS P F AVG. Ba Domishiyan na ƙarni na farko ba, wannan mai gemu ne da kambi mai tsinkaye, salon wajen 271. Marubucin tarihi Zosimus ya ambaci wani mai wannan suna da aka hukunta kan tawaye a zamanin Sarki Oreliyan, amma ba wanda ya ce ya buga kuɗi. A 1942 masanin Italiya Lodovico Laffranchi ya yanke cewa jabu ce, tsabar Sarki Tetirikus ce aka sake wa haruffa. Maganarsa ta zauna shekara sittin. A 2003 wani mai na'urar neman ƙarfe ya tono tukunya a Chalgrove kusa da Oxford, tsabobi kusan 5,000 tsatsa ta manne su dunƙule guda. A gidan tarihi na Birtaniya aka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, sai ga Domishiyanus a tsakiya, inda hannun ɗan jabu ba zai taɓa kaiwa ba. Da aka gwada ta da ta Faransa, hatimi ɗaya ne ya buga su. Yanzu tana gidan tarihi na Ashmolean. Ba kaifin idon wani ne ya raba gardamar ba. Sanin inda aka tono ta, da daidaiton hatimi, su suka raba. Shi ya sa nake ganin wanda ya tono tukunya ya watsa ta a kasuwa a ɓoye ya yi ɓarnar da ta fi ƙarfin kuɗin da ya samu.

Wani lokaci kuma haruffan garau suke, ma'anar ce ta ɓace. A ƙasan azurfar Karawsiyus akwai RSR. An daɗe ana ɗaukarsu sunan gari ko muƙamin ma'aji. A 1998 Guy de la Bédoyère ya haɗa su da wasu haruffa shida, INPCDA, da ke kan wata lambar tagulla ta sarkin, ya nuna cewa su tara a jere farkon kalmomi tara ne masu bin juna a waƙar makiyaya ta huɗu ta mawaƙi Virgil, wurin da ake maganar dawowar zamanin zinariya. Tara a jere ba sa faɗuwa daidai bisa katari. Ɗan tawaye a bakin daula yana magana da masu ilimi da waƙar da suka haddace a makaranta.

Yau akwai hoton da ke ratsa tsatsa, akwai kundin RIC a intanet, amma aikin yau da gobe bai sauya sosai ba. Ana kashe fitilar sama, a kawo haske daga gefe ƙasa-ƙasa, a juya tsabar a hankali har inuwa ta faɗa cikin gurbin harafi. A auna nauyi da faɗi. Ba a gurza ta da yashi ko ruwan batir, don sau da yawa rubutun a cikin koren ɓawon nan yake zaune, garin neman gira a rasa ido. Abin da aka gani a rubuta shi a fili, abin da aka cike daga hadda a sa shi cikin baka. Haka aka bi tsabobi 52,503 na tukunyar Frome da aka tono a 2010, aka fitar da na Karawsiyus sama da ɗari bakwai.

Duk da haka akwai abin da har yau bai warware ba. A 1937 gidan tarihi na Birtaniya ya sayi wata tsaba da aka ce daga Lorraine ta fito, mai rubutu IMP MAR SILBANNACVS AVG. Babu littafin tarihi ko dutsen da ya ambaci wannan suna. Ta zauna ita kaɗai har 1996, lokacin da Sylviane Estiot ta wallafa ta biyu, ta kuma danganta salonta da gidan bugun birnin Rum wajen 253. Haruffa ukun nan na MAR kuwa, wasu na karanta su Mariyus, wasu Marinus, wasu Marsiyus.